Babur ɗin ruwa mai tashi a tudu, ya mutu a kogi: yadda aka gano raunin wutar fuloginsa a Zariya

Babur ɗin da ake magana a kansa Yamaha WaveRunner ne, ƙirar shekarun 1990, mai silinda biyu da girman inji cc 701, irin injin nan da ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Na hannu ne. Daga Legas aka sayo shi, inda ya yi shekaru yana shiga ruwa mai gishiri. Mai shi wani Alhaji ne da ke da gona a bakin kogin Galma ta wajen Dakace, ya saye shi ne don samarin gidansa, da kuma zagaya gonar idan ruwa ya cika da damina. Da ya fara ba da matsala sai aka ɗora shi a ƙaramar tirela aka kawo shi wani garejin babura a Sabon Gari. Ni aikina wayarin motoci da janareto ne, maigidan garejin ne ya aiko a kira ni bayan sun yi iya abin da suka sani.

Ƙorafin Alhaji a bayyane yake, kuma ya iya bayani, abin da ba kowane mai abin hawa ke iyawa ba. Idan injin yana sanyaye, sai an daɗe ana danna sitata kafin ya kama. In ya kama a kan tirela, ƙararsa lafiya lau, a taɓa totur ya amsa nan take. Amma da an sa shi a ruwa an hau an ja totur, sai ya riƙa shaƙewa yana tari, ko rabin gudunsa ba ya kaiwa. Bayan kamar minti goma ya mutu murus, ba kuma zai sake tashi ba sai ya huce. Duk sanda aka kwance fulogi, a same su baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

Ganin fulogi a jiƙe ya sa hankalin kowa ya tafi kan kabireta. An wanke ta har an gaji, an zubar da tsohon fetur, an sa sababbin fulogi. Da abin ya ƙi, sai aka yanke shawarar a aika Legas a sayo sabon CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, wanda yana cikin mafi tsada a kayan wutar injin.

"Malam, wuta fa akwai," in ji maigidan garejin. Ya ɗora fulogi a jikin inji, yaronsa ya danna sitata, tartsatsi ya fito. "Ka gani da idonka. In ba CDI ne ke yanke ta in ya yi zafi ba, ban san mene ne ba."

Gaskiyarsa ce, wuta ta fito. Sai dai wannan gwajin, da kowane makanike ya gada daga maigidansa, abu ɗaya kawai yake tabbatarwa: cewa wutar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Bai faɗi ƙarfinta ba. A sararin iska, wuta na buƙatar kimanin volt 3,000 kafin ta tsallake milimita ɗaya. Bakin fulogin wannan injin, NGK BR8HS, tazararsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, ke nan volt dubu biyu da ɗoriya sun isa a ga tartsatsi a waje. A cikin silinda kuwa fistin ya matse iska da mai ninki kusan goma, kuma gwargwadon matsewar iska gwargwadon turjiyarta ga wuta. Abin da fulogi ke nema a can yakan haura volt 10,000. Wutar da ke ƙyalli a hannun makanike tana iya kasa fitowa sam idan an mayar da fulogin mazauninsa.

Wannan ne kuma ya bayyana bambancin tudu da ruwa. A kan tirela farfelar da ke tura ruwa iska kawai take kaɗawa, babu nauyi a kan injin, ɗan buɗe totur kaɗan ya ishe shi ya yi ƙara. A cikin kogi dole a buɗe totur sosai, silinda ta cika taf, matsin ya ƙaru, buƙatar wuta ta hau sama. Wuta mai rauni a nan take gazawa, man da bai ƙone ba ya wanke fulogi, mai kallo ya ce kabireta ce ke zuba.

Mutane suna yawan dogara da launin tartsatsi, wai shuɗi mai ƙarfi ne, ja ko rawaya mai rauni. Ban cika ba wannan nauyi ba. Wutar CDI dama siririya ce, gajeriya ƙwarai, kuma a hasken ranar Zariya da wuya ido ya tantance launinta. Tsawon da take iya tsallakewa shi ne ma'auni. Akwai ɗan abin gwaji mai tsinin ƙarfe biyu da ake matsowa ko nisantawa, an zana milimita a jikinsa. Injin irin wannan mai lafiya ya kamata wutarsa ta tsallake milimita 6 zuwa 7 a sarari, a jere, ba tare da fashi ba, kuma a ji ƙarar tas-tas ɗinta.

Kafin gwajin sai da muka cire kujera muka bar cikin babur ɗin ya sha iska, muka goge duk fetur ɗin da ya zuba lokacin wankin kabireta, muka ajiye abin kashe gobara kusa. Ina son mai karatu ya riƙe wannan da gaske. Injin babur ɗin ruwa a cikin rufaffen ƙundu yake zaune, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Tartsatsi ɗaya a wurin ya isa ya ƙone fuskar wanda ya sunkuya. Abu na biyu, a wannan injin kwayil ɗaya ne ke ba fulogi biyun wuta lokaci guda, wayoyin biyu bakin naɗi ɗaya ne, wuta ta fita ta wannan ta dawo ta wancan. Saboda haka in ana gwada ɗaya, dole ɗayar ta kasance a haɗe da jikin inji. In aka bar ta tana lilo aka danna sitata, gwajin ƙarya zai bayar, kuma wutar da ta rasa hanya tana iya huda kwayil ɗin daga ciki.

Sakamakon farko: milimita 3, da ƙyar. Da aka buɗa zuwa 4 sai ta ɗauke. Mun kuma auna matsin silinda don kada mu yi ta bin wuta alhali injin ne ya gaji. Duka biyun sun ba da wajen psi 140, kusan kai ɗaya. Injin kansa lafiyarsa ƙalau.

Daga nan sai bin hanyar wutar, daga abin da ya fi sauƙin dubawa da araha.

Batir ya zo farko. A zaune yana nuna volt 12.4, ba laifi, amma da an danna sitata sai ya zube ƙasa da 9. Batir mai lafiya bai kamata ya sauka ƙasa da 10 sosai ba a wannan lokacin. Ashe ƙaramin batir ɗin babur aka sa masa, kuma wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin inji, ta yi kore a bakinta. Yaron garejin ya yi tambaya mai ma'ana: "Maigida, ai na ji ana cewa wannan injin ba daga batir yake ɗaukar wutar fulogi ba?" Haka ne. Wutar daga magnito take fitowa, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, maganaɗisun da ke jikinsa yana wucewa ta gaban wani kwayil, wanda masu babura ke kira kwayil ɗin tayarwa, shi ke haifar da ita. Amma yawan wutar da yake haifarwa ya danganta da saurin juyawar magniton. Batir mai rauni yana juya inji a hankali, juyi a hankali kuma wuta kaɗan yake bayarwa. Da muka kankare bakin wayoyin muka sa batir mai girman da ya dace, wutar ta kai milimita 4. Wahalar tashi da sanyi ta ragu. Ga wanda zai ce a jona da batir ɗin mota: in dole ne, a kashe motar tukuna.

Sai makunnin kashewa, wanda ke haɗe da igiyar da mahayi ke ɗaurawa a wuyan hannu. Aikinsa shi ne ya zubar da wutar CDI zuwa at idan an zare igiyar. In danshi ko gishiri ya shiga cikinsa, yakan riƙa satar wani ɓangare na wutar ko ba a taɓa shi ba, injin bai mutu ba, bai kuma samu cikakkiyar wuta ba. Gwajinsa sauƙi gare shi, a zare soket ɗinsa a sake aunawa. Babu abin da ya canza, don haka muka mayar da shi. Ɗan Alhaji da ke tsaye ya ce a bar shi a cire mana, tun da igiyar tana damunsa. Na ce masa, "Ɗan'uwa, wannan igiyar ita ce za ta tsayar da babur ɗin ranar da ka faɗo a tsakiyar Galma. In babu ita, zai tafi ya bar ka a ruwa, ko ya juyo ta kanka." Alhaji ya ce a bar ta yadda kamfani ya yi ta.

A hulunan fulogi muka tarar da ɓarna ta biyu. Wani a baya ya sa hulunan babur na titi, waɗanda ba a yi su don zama cikin danshi ba. Irinsu suna da turjiya a ciki ta om 5,000. Ɗaya ta ba da hakan, ɗayar ta haura om 20,000, kuma allurar mita tana rawa in an girgiza ta. Tun da fulogin biyu a layi ɗaya suke, hula ɗaya da ta lalace tana rage wa silinda biyun wuta. Akwai kuma abin lura: harafin R da ke cikin BR8HS yana nufin fulogin kansa yana da tasa turjiyar. Hula mai turjiya a kan fulogi mai turjiya ƙarin kaya ne a kan wutar da dama ba ta da ƙarfi, don haka a duba littafin injin a ga wace irin hula ya ce a sa. Da muka murɗe hulunan muka cire, bakin wayoyin ya zama baƙi, silin tagullan ciki sun rududduge. Muka yanke kamar santimita ɗaya daga kowace har jan tagulla ya bayyana, muka sa huluna masu robar da ke kama fulogi ta hana ruwa shiga.

Wuta ta kai milimita 5. Injin ya tashi da dannawa ɗaya, maigidan garejin ya yi hamdala, ya ce a kira Alhaji ya zo ya ɗauka.

Na roƙe shi ya dakata. Batir da hula sun bayyana wahalar tashi da wani ɓangare na shaƙewa a ruwa, amma babu ɗayansu da ya bayyana dalilin mutuwar injin in ya yi zafi da dawowarsa in ya huce. Kuma milimita 5 ba ta kai inda ake so ba. Da an sallame shi a haka, da zai yi kamar ya warke, ya sake mutuwa nesa da gaɓa da yaro a kansa. Muka jona tiyo a hanyar ruwan sanyaya inji. Tsarin wannan ba a sauya shi: a tayar da inji kafin a buɗe ruwa, a rufe ruwa kafin a kashe inji, in ba haka ba ruwa ya bi ta salansa ya shiga silinda. Bayan 'yan mintoci muka kashe, muka jira zafin ya ratsa ko'ina, muka sake gwaji. Wutar ta koma ƙasa da milimita 3.

Yanzu abubuwa uku suka rage: kwayil ɗin fulogi, CDI, da kwayil ɗin tayarwa. Kwayil ɗin fulogi mun auna naɗinsa biyu da sanyi da zafi, duk suna cikin abin da littafin injin ya ƙayyade, jikinsa kuma babu tsaga. CDI kuwa ba a iya yanke masa hukunci da mita kai tsaye, a rufe yake da ƙaro. Abin da ake yi shi ne a auna abin da ke shiga cikinsa. A cikinsa akwai kafasita, wato ma'ajiyar wuta, da kwayil ɗin tayarwa ke cikawa, a yawancin irin waɗannan injuna da volt ɗari biyu zuwa sama in suna gudu. Sannan wani ƙaramin kwayil da ake kira falsa ya ba da sigina a daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, CDI ya juye abin da ya tara cikin kwayil ɗin fulogi a bugu ɗaya, shi kuma ya ninka shi zuwa dubbai. CDI kamar randa ce, abin da aka zuba mata take bayarwa, in rijiya ce ta ja baya sauya randa ba zai kawo ruwa ba.

Auna wannan wutar yana da tarko. Ba a jere take zuwa ba, tsalle take yi ta faɗi cikin ƙiftawar ido, mita ta yau da kullum kuwa matsakaici take nunawa, sai ta ba da lamba ƙarama ko da kwayil ɗin lafiyarsa lau. Ana buƙatar ɗan mahaɗi mai riƙe ƙololuwar wuta, kuma duk mai gyaran rediyo a Zariya zai iya haɗa shi: dayod ɗaya, kafasita mai jure volt 400 zuwa sama, da turjiya babba da za ta sauke kafasitar bayan gwaji. Da shi muka auna. Falsa ta ba da abin da ake nema. Kwayil ɗin tayarwa kuwa da sanyi yana ƙasa da mafi ƙarancin abin da littafi ya yarda da shi, da zafi ya faɗo wajen rabinsa. Turjiyarsa ma ta gaza ta littafi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Turjiyar da ta ragu a kwayil alama ce ta cewa wasu zagayen wayar sun manne da juna, wuta tana yanke hanya, zagayen da ke aiki sun ragu.

Sai a nan muka buɗe murfin gaban inji, muka zare magniton da abin zare shi. Ba a dukansa da guduma, duka yana raunana maganaɗisu kuma yana iya lanƙwasa bakin karanshaf. Abin da muka gani a ciki ya isa bayani. Akwai layin tsatsa a bangon murfin da ke nuna inda ruwa ya taɓa kwanciya, kusan rabin farantin da kwayiloli ke zaune a kai. Fuskar maganaɗisu ta yi ja da tsatsa. Banish ɗin da ke rufe wayar kwayil ɗin tayarwa ya kumbura ya tsattsage, da farin gishiri a tsagogin. Ɗan makullin da ke riƙe magnito a mazauninsa bai karye ba, ke nan lokacin fitar wuta bai goce ba.

Don maigidan garejin ya gamsu, da ni kaina, muka yi gwaji ɗaya a kan tebur. Muka jona mita a kwayil ɗin, aka aro diraya daga shagon gyaran gashi, muka riƙa hura masa zafi. Tagulla in ta yi zafi turjiyarta ƙaruwa take yi, kimanin kashi 4 cikin ɗari ga kowane digiri 10. Kwayil mai lafiya lambarsa za ta riƙa hawa a hankali. Wannan ya ɗan hau, sannan ya faɗo kwatsam, ya riƙa tsalle. Zafi yana sa wayar ta buɗe, banish ɗin da ya mutu ya saki, ƙarin zagaye su taɓa juna. In ya huce su rabu. Mutuwar minti goma da farfaɗowa bayan hutu ke nan, a fili a kan mita.

Da Alhaji ya zo aka nuna masa. Ya tambaya, "To Malam, CDI ɗin fa?"

"Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Da an sayo sabo an sa, da haka zai yi, don ba a ba shi abin da zai bayar ba."

Hanya biyu ce a gabansa: a nemo farantin kwayiloli sukutum daga Legas, wanda mai yiwuwa shi ma na hannu ne da ya sha nasa gishirin, ko a ba masu naɗin kwayil na nan gida su sake naɗa wanda ya lalace kaɗai. Na karkata ga ta biyu, da sharaɗi. Sabon Gari na da masu naɗin fanka da injin ban ruwa da janareto waɗanda hannunsu ya faɗa, amma wannan kwayil ɗin wayarsa siririya ce ƙwarai, zagayenta dubbai, kuma kuskure kaɗan yana canza wutar. Dattijon da muka kai wa ya fahimci haka tun kafin a gama yi masa bayani. Ya ce, "Yaro, ba zan ƙirga zagayen wannan ba, ta ƙone ta manne. Zan warware ta in auna nauyinta a sikeli, in nemo waya mai kaurinta daidai, in naɗa nauyi ɗaya." Muka ƙara da cewa ya sa alama a ɓangaren da naɗin ya nufa kafin ya warware, don in aka juya shi wutar tana iya isa CDI a lokacin da bai dace ba. Ya naɗa, ya liƙe bakunan da dalma, ya tsoma shi a banish ya gasa har ya bushe. Turjiyarsa ta faɗo cikin ta littafi, da aka hura masa zafi kuma ta hau a hankali ba tare da tsalle ba.

Saura tambayar ta ina ruwan ya shiga, don in ba a toshe ba sabon naɗin ma ƙarshensa ɗaya. Robar da wayoyi ke fitowa ta cikinta daga murfin ta bushe ta tsage, gaskit ɗin murfin kuma an taɓa cire shi an mayar da tsohon. Amma kafin ruwa ya kai can sai ya taru a ƙundun babur ɗin. Da aka bincika, ashe a gona ake barinsa a fili ba rufi, matosan fitar da ruwa na baya a ɗaure, tun farkon damina har ruwan Agusta. Ruwan sama ya cika cikinsa ya kai gaban inji, ya tarar da tsohon gishirin Legas, suka ci banish ɗin tare. Aka sa sabuwar roba da sabon gaskit, aka goge maganaɗisu da samfefa mai laushi, aka ɗaure magnito da ƙarfin da littafi ya faɗa, aka shafa giris mai hana danshi a kowane soket. Famfon baƙin mai a jikin wannan murfin yake, don haka bayan an mayar da shi aka fitar masa da iska, tankin farko kuma aka haɗa fetur da mai irin na injin ruwa, TC-W3, kashi 50 da 1, har a tabbatar famfon yana turawa.

A gareji wutar ta tsallake milimita 7 da sanyi, ta tsallake 7 da zafi. Gwajin gaskiya kuwa a Galma aka yi shi, a wurin da zurfin ruwa ya wuce santimita 60, don kada farfelar da ke tura ruwa ta zuƙi yashi, mahayin da rigar ceto a jikinsa da igiya a hannu. Injin ya ɗauki totur daga ƙasa har sama ba tari, ya wuce rabin awa yana aiki, aka kashe shi da zafinsa aka sake dannawa ya tashi. Fulogin da aka kwance daga baya sun fito a bushe, launin ƙasa-ƙasa.

Wannan tsarin bincike na injin da magnito ke ba CDI wuta ne. Sababbin baburan ruwa masu kwamfuta da injekta daga batir suke ɗaukar wutar fulogi, wasu ƙirar Sea-Doo ma igiyarsu na ɗauke da lambar sirri da kwamfuta ke karantawa kafin ta yarda inji ya tashi, don haka matakan da lambobin sun bambanta, littafin kowane inji shi ne abin bi.

An yi wa babur ɗin rumfa a gonar, ana ajiye shi gabansa a ɗage, matosan baya a kwance, batir kuma ana cire shi a kai gida a riƙa yi masa caji. Abu ɗaya ya rage ba a gama ba: giyar sitata da ke zaune a cikin murfin nan ita ma ruwan ya taɓa ta. Mun wanke ta mun shafa mata giris tana aiki, amma haƙoranta sun ci tsatsa, kuma Alhaji ya ba da sallahu a nemo wata kafin damina mai zuwa.